Wariyar Launin Fata: Ranar Da Tsohon Minista Ya Wanke Ƙafafun Wanda Aka Sa Wa Guba

A farkon watan Agustan shekarar 2006, wani dattijo farar fata mai shekara 68 a duniya ya nemi iso a fadar gwamnatin Afirka ta Kudu da ke birnin Piritoriya, yana son ganin Babban Darakta a ofishin Shugaba Thabo Mbeki, wato Rabaran Frank Chikane. Da aka shigar da shi, sai ya miƙa wa Chikane Littafi Mai Tsarki wanda ya rubuta kalmomin neman gafara a jikinsa, sannan ya fito da kwano da tawul daga jakarsa, ya roƙi a ba shi izini ya wanke ƙafafun mai ofishin. Chikane ya yi ta nonnoƙewa, daga bisani dai ya amince. Dattijon ya durƙusa ya wanke su, ya goge.

Wannan dattijo shi ne Adriaan Vlok, Ministan Doka da Oda na gwamnatin wariyar launin fata daga 1986 zuwa 1991, wato mutumin da 'yan sandan ƙasar ke ƙarƙashinsa a shekarun da aka tsare dubban baƙar fata, har da ƙananan yara, ba tare da an kai su gaban alƙali ba. A zamaninsa ne, cikin watan Agustan 1988, 'yan sanda suka tayar da bom a gidan Khotso da ke Johannesbag, hedikwatar Majalisar Coci-coci ta Afirka ta Kudu, sannan shi Vlok ya fito ya ɗora laifin a kan wata mata 'yar gwagwarmaya da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Babban sakataren majalisar a lokacin kuwa shi ne Chikane. A shekarar 1989 jami'an tsaro suka shafa guba a tufafinsa na ciki, ya yi ta faɗuwa rashin lafiya a kan hanyar tafiya, daga Namibiya har Amurka, inda likitoci suka gano abin da ke cin jikinsa. Saura ƙiris ya rasa ransa.

Na ɗauko wannan labari ne domin har yau jama'ar Afirka ta Kudu ba su daidaita a kansa ba, kuma gardamar tasu ta wuce batun mutum ɗaya. Tambayar ita ce: shin tawali'u da hidima, waɗanda addinin Kirista ya ɗauka a matsayin ginshiƙan hali na gari, suna iya zama amsa ga wariyar launin fata, ko kuwa lallashi ne kawai da ake yi wa wanda aka zalunta don ya yi shiru? Mu 'yan Nijeriya ba baƙi ba ne a wannan magana, domin tun 1976 aka kafa asusun tallafa wa Kudancin Afirka a ƙasar nan, ma'aikata da ɗalibai suka zuba abin da suka samu a cikinsa. Muna da haƙƙin mu bi diddigin yadda aka ƙare.

Wanke ƙafa yana da asali a Linjila. A sura ta 13 ta littafin Yohanna an ba da labarin yadda Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa (AS), ya tashi daga wurin cin abinci, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa a kwano, ya bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafafu, sannan ya umurce su da su riƙa yi wa juna haka. A ƙasar Falasɗinu ta wancan zamani, ƙasa mai ƙura da takalman fata buɗaɗɗu, wannan aiki ne na bawa ko mafi ƙanƙanta a gida. Abin lura a nan shi ne, malami ne ya durƙusa wa almajirai, babba ne ya sauko wa ƙarami. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa maganata ta rataya.

Ita wariyar launin fata, wadda aka mayar doka daga 1948 zuwa 1994, an gina ta ne a kan raba wa mutane matsayi tun daga haihuwa: wane ne zai yi hidima, wane ne za a yi wa. Baƙar mace ce za ta goge daɓe, ta yi wanki, ta yi renon 'ya'yan Turawa, nata 'ya'yan suna can ƙauye a hannun kaka. Dattijo mai furfura, ɗan uwar gidansa mai shekara goma zai kira shi “yaro”, shi kuma dole ya amsa da “maigida”. Saboda haka idan farar fata ya durƙusa a gaban baƙar fata da kwanon ruwa, ya taɓa tushen tsarin ne baki ɗaya, ya juya shi.

Sai dai masu suka suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashin adalci ne a tsallake ta. Da sunan wannan addini aka daɗe ana koya wa baƙar fata sunkuyar da kai. A shekarar 1807 an buga wani Baibul na musamman a Landan domin bayin da ke gonakin rake a tsibiran Karibiyan, aka cire mafi yawan Tsohon Alkawari da kusan rabin Sabon Alkawari. Labarin yadda Annabi Musa (AS) ya fitar da Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna yana cikin abin da aka zare, amma ayoyin da ke umurtar bayi da biyayya an bar su daram. A Afirka ta Kudu ma, babban taron cocin Dutch Reformed na 1857 ya halatta raba wuraren ibada tsakanin farare da waɗanda ba farare ba, kuma daga baya malaman wannan coci ne suka nemo wa wariya hujjoji daga nassi. Chikane da kansa ya ba da labarin cewa lokacin da aka tsare shi ana gana masa azaba, wanda ke kula da aikin dikin ne, wato mai hidima a ɓangaren Turawa na cocinsu ɗaya. Duk wanda ya ga irin wannan, in ya ji an ambaci tawali'u ya ja tsaki, ba zan ga laifinsa ba.

Abin da na fahimta daga tarihin ƙasar shi ne, akwai tawali'u iri biyu, kuma ana rarrabe su da tambayoyi biyu: wa ake nema ya sunkuya, kuma me sunkuyawar ta ci masa? Idan mai iko ne ke wa'azin haƙuri ga na ƙasa da shi alhali shi yana kan kujerarsa, wannan dabara ce ta mulki, ko da an naɗe ta da ayoyi. Idan kuwa mai ikon ne ya sauko da kansa, ya rasa wani abu da yake taƙama da shi, to a nan ne tawali'u ke zama makami.

Mu ɗauki Trevor Huddleston, limamin cocin Anglika ɗan Ingila, wanda ya yi aiki a unguwar Sophiatown ta Johannesbag daga 1943. Akbishop Desmond Tutu ya sha ba da labarin cewa yana yaro yana tsaye da mahaifiyarsa, mai aikin girki, sai wani dogon Bature cikin rigar limamai ya zo wucewa, ya cire hularsa ya gaishe ta. Tutu ya ce bai taɓa ganin farar fata ya girmama baƙar mace haka ba. Daga baya da tarin fuka ya kwantar da shi a asibiti kusan wata 20, wannan limami ne ke zuwa duba shi a kai a kai, yana kawo masa littattafai. Da a nan Huddleston ya tsaya, da sai mu ce mutum ne mai ladabi kawai. Amma lokacin da gwamnati ta turo 'yan sanda a watan Fabrairun 1955 don kwashe mazauna Sophiatown, a rushe unguwar a gina wa Turawa sabuwa, yana cikin waɗanda suka tsaya gaba-gaba wajen adawa, har shugabanninsa suka janye shi daga ƙasar, ya bar ta a 1956. Cire hular da tsayawa gaban 'yan sandan, a ganina, uwa ɗaya ta haife su.

Misalin Beyers Naudé ya fi wannan nauyi, domin shi ɗan gida ne. Babban limami ne a cocin Dutch Reformed, kuma ɗan ƙungiyar asiri ta Broederbond wadda ke juya akalar mulkin Turawan Afirkana, mahaifinsa ma yana cikin waɗanda suka kafa ta. Bayan kisan Sharpeville na ranar 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69 a ƙididdigar hukuma, zuciyarsa ta ƙi kwanciya. A 1963 ya zaɓi ya ajiye muƙaminsa da rigar limancinsa a kan ya ci gaba da kare wariya. Danginsa da abokansa suka juya masa baya, suka kira shi maci amana. Gwamnati ta yi masa ɗaurin talala daga 1977 zuwa 1984. Ya koma yin ibada a cocin baƙar fata, yana zama a bayan limaman da a da ba za su ci abinci a teburi ɗaya da shi ba. Da ya mutu a 2004, a unguwar baƙar fata ta Alexandra aka watsa tokarsa. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wannan mutum ya durƙusa, kuma tsawonsa bai ragu ba.

To, ina matsayin wanda aka zalunta? A nan ma bai kamata a ɗauki tawali'u a matsayin tsoro ba. Tutun da ke wa'azin yafiya shi ne ya zagaya duniya yana kiran a sa wa gwamnatin Piritoriya takunkumin tattalin arziki, a lokacin da irin wannan kira zai iya kai mutum kurkuku. Kuma shi ne a watan Yulin 1985, a garin Duduza, ya kutsa cikin fusatattun matasa ya ceci wani mutum da ake zargi da kai rahoto ga 'yan sanda, ana shirin cinna masa wuta. Muna da karin magana cewa rama cuta ga macuci ibada ne. Tutu da ire-irensa sun ƙi wannan, bisa hujjar cewa wanda ya koyi ƙona mutum da rai don neman 'yanci, ranar da ya samu 'yancin ba zai manta yadda ake yi ba. Sun ƙi durƙusa wa doka ta zalunci, sun kuma ƙi su ɗauki maƙiyinsu a matsayin dabba, domin ɗaukar mutum dabba shi ne ainihin cutar da suke yaƙa.

Da wannan ma'auni za mu iya komawa kan Vlok. A gefe guda, shi kaɗai ne cikin ministocin gwamnatin wariya ya amsa laifi a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa wadda Tutu ya shugabanta, aka yi masa afuwa a 1999 kan bom ɗin gidan Khotso da wasu hare-hare. Amma bai faɗi maganar gubar ba a can. Sai a watan Agustan 2007, shekara ɗaya bayan wanke ƙafar, ya amsa laifin yunƙurin kisan Chikane a gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin shekara 10 wanda aka jingine, bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba. Ya kuma wanke ƙafafun iyaye matan wasu samari 10 'yan unguwar Mamelodi, waɗanda jami'an tsaro suka yaudara a 1986 da sunan za a kai su Botswana horon soja, aka yi musu allura, aka ƙona su cikin mota. Sauran shekarunsa ya ƙare su yana kai abinci ga yara da gidajen marasa hali a unguwannin baƙar fata, har mutuwarsa a watan Janairun 2023.

Ni dai ban ga dalilin cewa tubansa na ƙarya ne ba. Bai samu kuɗi ko muƙami da shi ba, mutanensa da yawa ma dariya suka yi masa. Amma masu cewa bai fitar da duk abin da ya sani ba, su ma suna da gaskiya. Uwar da ta shafe shekaru tana neman inda aka binne ɗanta, abin da ta fi buƙata shi ne suna da wuri da bayanin wanda ya ba da umurni. Wanda ya sace maka saniya, ya zo ya durƙusa yana kuka, za ka iya yafe masa har zuciya, amma maganar ba ta ƙare ba muddin saniyar tana ɗaure a turkensa. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, aka ƙara zuwa kashi 13 a 1936. Binciken da gwamnatin ƙasar ta gudanar a 2017 ya nuna cewa kashi 72 cikin 100 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na farar fata ne, alhali ba su kai kashi 10 na al'umma ba. Kwanon ruwa ba ya gyara wannan.

Duk da haka, ba na tare da masu raina kwanon. Doka ta rushe wariya a 1994, amma doka ba ta shiga zuciya ta cire girman kai, wanda Hausawa suka kira rawanin tsiya. Ana iya sauya tsarin mulki cikin dare ɗaya, mutum ya wayi gari yana nan da imaninsa cewa jininsa ya fi na maƙwabcinsa tsarki. Wannan ciwo ba shi da magani sai mutum ya yi da hannunsa aikin da ya taso yana ganin na wasu ne. Abin da Kiristoci irin su Huddleston da Naudé da Tutu suka nuna shi ne cewa tawali'u da neman adalci tare suke tafiya: na farko yana hana mai neman haƙƙi ya rikiɗe ya zama azzalumi, na biyu yana hana tuba ta tsaya a hawaye.

Saboda haka, mai karatu, duk ranar da ka ji ana kiran wasu mutane da aka raina saboda launinsu ko asalinsu da su yi haƙuri, ka duba bakin da kiran ya fito. Idan mai kiran ya riga ya sauko, ya faɗi gaskiya, ya mayar da abin da ke hannunsa, to ka saurare shi da kyau. Idan kuwa yana nan a saman kujerarsa yana nuna wa wasu ƙasa da yatsa, ka tuna masa cewa a labarin da yake kafa hujja da shi, malamin ne ya ɗaura tawul. Allah Ya raba mu da girman kai, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin jama'a tun muna da sauran numfashi.