A Janye Yara Daga Bakin Sifika

Duk mai halartar biki ko walima a Sukuntuni da ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada ya san yadda ake tsara fili. Manya su samu kujeru can baya a inuwar rumfa, mata su yi gefe guda, sai a jibge akwatunan sifika biyu ko huɗu a ƙasa, a tada janareta. To, su wa ke gaban akwatunan? Yara. Wannan ya jingina da sifika, wancan ya ɗora tafin hannu don ya ji yadda take girgiza, ga yarinya 'yar shekara bakwai goye da ƙaninta na nono tana tiƙar rawa, kan jaririn daidai saitin inda sautin ke fitowa. Uwa na can wajen rabon abinci, uba na gaisawa da baƙi, ba mai cewa uffan. Haka za a kai dare, gobe kuma a koma gidan ango a maimaita.

Da wuta aka hura a tsakiyar filin nan, da kowa ya riƙe hannun ɗansa. Amma da yake ɓarnar ƙara ba ta fid da jini, ba ta sa kumburi, sai muka ɗauke ta ba komai ba.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce kamar desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, yaro kuwa 75 aka ƙayyade masa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Kafin a kai 100, abin da kunne zai iya ɗauka bai wuce minti 20 ba a mako guda. Babbar sifika da aka ƙure, in mutum na dab da ita, tana wuce 100 ba tare da wahala ba. Sai a lissafa awa nawa yaran nan ke yi a wurin.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin halitta masu siririn gashi, kimanin dubu 15 a kowane kunne. Su ke karɓar motsin sauti su miƙa wa jijiya, ita kuma ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in ta yi ta maimaituwa ta kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Ba allura, ba ƙwaya, ba tiyatar da za ta dawo da shi. Wannan shuuu da mutum ke ji a kunne in ya kwanta bayan biki, ko jin kamar an toshe masa kunne da auduga, gargaɗi ne. Babba zai iya faɗa. Jariri fa?

Ba a wayi gari yaro ya kurumce ba, shi ya sa ba a lura. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su sa da sha da tsa da fa. Yana jin muryar malam, amma kalmomin sun cakuɗe masa. A makarantar allo a biya masa ya kasa maimaitawa daidai, a boko a yi shifta ya rubuta wani abu daban, a gida a kira shi daga nesa bai waiwayo ba. Sai a ce daƙiƙi ne, ko kunnen ƙashi gare shi, a bi shi da bulala. Mu muka zaunar da shi gaban sifika, mu ne kuma masu dukansa.

Sai masu hayar kayan sautin. Da yawansu gani suke ƙwarewa ita ce a murɗa komai har ƙarshe, a jiyo ka daga ƙauye na gaba. Da zarar an miƙa wa maroƙi ko mai jawabi makirufo, sai na'ura ta tsandara wannan ihu mai ratsa kai, kowa ya toshe kunne, shi kuwa ya hau bubbuga makirufon yana hura masa iska. Ba aljani ba ne, ba kuma laifin janareta ba. Makirufo ne ya ɗauki sautin da sifika ta fitar, ya mayar wa amfilifaya, ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, ya sake shiga, har ya zama ihu. Tsayawa da makirufo a gaban sifika shi ke jawo shi.

Masana sun daɗe da samo wa wannan magani. Tun 1960 Bernard Widrow da ɗalibinsa Ted Hoff, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da wata hanyar lissafi da na'ura ke bi ta riƙa auna kuskurenta tana gyara kanta nan take. Jikokin wannan dabara na nan cikin wayar da ke aljihunka. Ita ce ke sa in ka sa waya a sifika, wanda kuke magana da shi ba ya jin muryarsa tana dawo masa, domin wayar ta san abin da ta fitar, sai ta cire shi daga abin da makirufonta ya ɗauka. Wayoyi da yawa ma suna da makirufo na biyu da ke sauraron hayaniyar wuri don a rage ta. Kayan sauti masu inganci suna da abin da ke gano mitar da ke shirin yin ihu ya danne ta, da wanda ke hana sauti haure iyakar da aka sa masa. Amma yawancin abin da ake kawo mana bukukuwa haɗe-haɗe ne, ba ko ɗaya a ciki. Wanda ma ke da su, wani lokaci kashe su yake, wai suna rage masa ƙarfi. Alhali ƙure amfilifaya ba ya ƙara wa magana fita, dagula ta yake, shi ya sa ake gama jawabi ba wanda ya fahimci komai.

Gyaran ba ya buƙatar ko sisi. A ɗora sifika kan tebur ko wani abu mai tsawo yadda za ta wuce kan mutane, mai magana ya tsaya a bayanta. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6, wato lokacin da kunne zai iya jurewa ya ninku sau huɗu. Taku kaɗan ke nan. A ja igiya ko a jera benci, a sa saurayi ɗaya aikinsa kawai korar yara daga wurin. Ma'aunin da kowa ke da shi kuwa: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai, wanda hannunka zai iya taɓawa, ya ji ka, to ƙarar ta yi yawa. Wannan ya shafi taron Maulidi da wa'azi da gangamin siyasa, ba biki kaɗai ba. Haka ma yaran da ake aike injin niƙa su zauna dab da shi suna jiran layi, da samarin da ke kwana da iyafis a kunne.

In kuwa ji ya riga ya ragu, don Allah a guji 'yar na'urar nan mai arha da ake tallatawa a kasuwa da intanet wai ta kurame ce. Yawancinsu ƙara wa komai ƙarfi kawai suke, da muryar jika da hon ɗin babur da bugun ƙofa. Ta gaskiya sai an auna kunne a asibiti, a saita ta daidai da sautukan da mutum ya rasa. Tun 1996 da aka fara sayar da masu aiki da ƙwaƙwalwar kwamfuta, suna ɗaga sauti mai rauni, su sassauta mai ƙarfi, su rage gunjin inji, su kashe ihun kansu. Duk da haka suna da tsada, suna cin batir, kuma ba sa mayar da kunne yadda Allah ya halicce shi. A fara da Babban Asibitin Kankiya, in da buƙata a tura mutum sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ban da ɗiga mai ko ruwan ganye, ban da sakace da tsinke.

Najeriya na da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, amma ba wani jami'i da zai taso daga Abuja ya zo bikin 'yarka a Sukuntuni. Kai mai biki, kai ka biya kuɗin hayar, kana da ikon cewa a rage. Masu unguwanni da limamai su faɗa a masallaci kamar yadda ake faɗar allurar rigakafi. Iyaye mata kuma, kada a ƙara goya wa yarinya jariri a ce ta tafi wajen kiɗa.