Labarin Saye a Gaban Mai Tantancewa

Matashin da ya sayar da rakensa a kasuwar Makarfi, ko ya jinginar da gonar gado a Kudan, ya kama hanyar Agadas, ba kujerar mota kaɗai dillalai ke sayar masa ba. Har labari suna sayarwa. Sai a ce masa in ya sauka Italiya kada ya kuskura ya ce talauci ne ya koro shi, ya ce shi mutumin Bama ne, Boko Haram ta ƙone gidansu.

Dillalin ya san doka. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ba ta ba da mafaka don yunwa ko rashin aiki; ta tanade ta ne ga wanda ke tsoron a zalunce shi saboda addininsa, ƙabilarsa, asalin ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko rukunin jama'ar da yake ciki. A 2016 'yan Nijeriya fiye da 37,000 suka isa Italiya ta teku, babu ƙasar da ta kai mu yawa, kuma akasarinsu ba su sami wannan matsayi ba.

Abin da dillalin ke ɓoyewa shi ne yadda ake bincike. Tun 2003 ƙasashen Turai ke adana zanen yatsun masu neman mafaka a rumbun Eurodac, don haka wanda ya canza suna daga Italiya zuwa Jamus yatsansa zai tona shi. Jamus kuma tun 2017 tana iya duba wayar wanda ya zo ba fasfo. Amma inda labarin saye ya fi rushewa shi ne wurin hira. Za a zaunar da kai, ga tafinta, a tambaye ka unguwarku, da hanyar da kuka bi ranar gudu, da garin da kuka fara kwana, sannan a sake dawo maka da tambayar ta wata fuska. Wanda ya tashi a Ikara, bakinsa Zazzaganci tsantsa, ko gaisuwa bai iya da Barbarci ba, yaya zai yi da Bama?

Abin da ya fi damuna ba wannan matashin ba ne, masu gudun hijira na gaskiya ne. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi musu rajista kyauta, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. A cikin irin waɗannan, matar da aka kashe mijinta a gabanta, in ta zauna gaban mai tantancewa, takan rikita ranaku, ta faɗi abu yau gobe ta faɗe shi daban, don firgici na taɓa tunani. Jami'in da ya sha jin labaran saye yana iya ɗaukar wannan rikicewa a matsayin ƙarya, ya rufe takardarta, alhali ita ba ta da gidan komawa.