Yadda A Ke Karanta Fuskar Mutum A Hoto

Kowa ya bi ta Bompai ko Sharada ya ga manyan motoci da hotunan shaihunnai da sarakuna a jikinsu. Mu kan duba mu wuce, ba mu tambayi abin da mai zane ya ke nufi ba. To, ga wani hoto da ya isa a tsaya a kansa.

A 1733 wani Bature, William Hoare, ya zana Ayuba Sulaiman Diallo, Bafilace mutumin Bundu a ƙasar Senegal. Ayuba ya je bakin kogin Gambiya sayad da bayi, sai shi ma aka kama shi, aka aske masa kai da gemu don ya yi kama da ganimar yaƙi, aka kai shi gonar taba a Maryland ta Amurka. Ilminsa na Larabci ya zama sanadin fansarsa, har ya zo London.

Mu fara da tufafi. Farar riga ce da farin rawani, alhali kuwa a lokacin nan ba shi da kayan ƙasarsu. Shi ya nace sai da su za a zana shi, ya siffanta wa mai zane su da baki. Watau rigan nan magana ce: ba bawa ba ne, ba kuwa ya zama Bature ba. Gashin da aka aske ga shi ya tofo, yana leƙowa ƙarƙashin rawani.

A ƙirjinsa an rataya littafi cikin jan gafaka, Alƙur'ani ne. Sau uku ya rubuta shi da ka a Ingila. Jan nan yana haskawa tsakanin farin tufa da duhun baya, don haka ido ba ya barin fuska sai ya sauka a kansa.

Fuskar ita ce mai wuya. Yana dubanmu sosai, ba sunkuyawa, ba fushi. Waɗansunmu sun ce murmushi ne, waɗansu sun ce gajiya. Mu dai mun fi ganin natsuwar wanda ya san gida ya kusa, gama a 1734 ya kama hanyar komawa ƙasarsu. Amma kada mu manta, mun riga mun san labarin kafin mu duba, shi kuwa mai zane bai san ƙarshensa ba.