Gonar Panda Ta Fi Kuɗin Ƙarƙashin Katifa

Duk wanda ya baro Panda, can wajen Keffi, ya sauka Agege ko Sabon Badun, burinsa guda ne: ya tara 'yan kuɗi, ya koma ya gina gida kusa da gonar ubansa. To, amma zamani bai tsaya jiransa ba.

A 1976 Janar Murtala ya zaɓi Abuja. A 1991 gwamnati ta tare can, a 1996 aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato. Filaye suka yi tsada tun daga Mararraba har Keffi, masu saye kuwa sai ƙara kutsawa ƙauyuka suke yi.

Naira fa? A 1980 ta fi dalar Amurka daraja. A 2024 dala guda ta haura naira 1,500. Ashe mai ɓoyon kuɗi gara ya tara wa guminsa.

Saboda haka kada kowa ya sayar da gonar gado don ƙarin jari a Ikko. A je gida, a shata iyaka gaban dattawa, a yi takarda. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya maishe mu lafiya, amin.