Yadda Ake Ɗaukar 'Yan Rawa Don Biki

A hutun da ya wuce aka yi bikin yayana a garinmu Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi. Samari suka ce a ɗauko mai kiɗan DJ daga Gaya, amma Baba ya ce shi 'yan Koroso yake so. Da yake ni ne ɗan makaranta, sai aka ce in bi Baffa zuwa Kano da biro da takarda, in rubuta duk abin da aka shirya. Abin da na koyo ke nan nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Koroso dai rawa ce da ta yi suna a ƙasar Kano. Ta samo sunanta daga abin nan mai ƙara da masu yinta suke ɗaurawa a ƙafa. Maza da mata ne suke yinta bibbiyu, ana busa musu sarewa, ana kaɗa ganga da lalajo. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda take Gidan Ɗan Hausa, tana da nata 'yan rawan, akwai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu. Wajen irin waɗannan muka je.

Da farko, tun kafin mu tashi, Baba ya sanar da mai unguwa, aka nuna mana filin da za a yi wasa. Da muka isa, Baffa ya miƙa wa shugabansu goron gayyata, sa'an nan aka shiga jinga. Na rubuta yawan mutanen da za su zo, da kuɗin aikinsu, da kuɗin mota, da abinci da masauki. Aka yanke cewa za a fara bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Baffa ya ba da kafin alƙalami, sauran sai an gama. Ran biki kuwa muka share filin, muka tsince ƙaya, muka yayyafa ruwa saboda ƙura.

Na tambayi Baffa, me ya sa ba za a bar su da liƙi kawai ba? Ya ce ya taɓa ganin bikin da aka yi haka. Hadari ya taso, jama'a suka watse, 'yan rawa ko kuɗin mota ba su samu ba, aka rabu baram-baram. Ban da haka, dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙi da tattake naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyu. Saboda haka muka ajiye faifai, mai kyauta ya saka a ciki.

Da na ba malaminmu na Turanci labari, sai ya ce a Ingila ma akwai masu rawar gargajiya da ake kira Morris. Su ma ƙararrawa suke ɗaurawa a ƙafa, suna rawa da sanduna ko hankici, kuma ana gayyatarsu bukukuwa. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace su a can na shekarar 1448 ne, inda ƙungiyar maƙeran zinariya ta Landan ta biya su sule 7. Ashe tun da can rawa sana'a ce mai lada.

Shugaban 'yan rawan nan ya gaya mana cewa yaransa da yawa sun bari sun tafi ci-rani, domin ana kiransu a sallame su da "Allah ya saka". Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka ina roƙon iyayenmu, in za a yi biki a tuna da namu na gida, a yi jinga tsakani da Allah, a kuma biya su kafin guminsu ya bushe. Allah ya sa mu dace, amin.