Mene ne fentin kare ƙasan jirgin ruwa?

A kasuwar makanikai ta Apo, idan aka ce fenti, na mota ake nufi. Mai jirgin shaƙatawa a tafkin Jabi kuwa wani daban yake buƙata: wanda ake shafa wa ƙasan jirgi don kada gansakuka da ƙananan halittun ruwa su manne.

Yawancinsa da sinadarin jan ƙarfe ake haɗa shi, mai narkewa kaɗan-kaɗan yana korar su. In babu shi, ƙasan jirgi ya yi kore shar, gudu ya ragu, injin ya ƙara shan mai.

Sinadarin TBT da aka dogara da shi a da, yarjejeniyar duniya ta haramta shi tun 2008 saboda ɓarnar da yake yi wa halittun teku.

Fentin jan ƙarfe yana cin jirgin alminiyam. Mai saye ya fara gaya wa mai shago da me aka ƙera jirginsa.