Ninkin takarda ya kai ga tagogin gini

Takarda tana lanƙwasuwa, amma ba ta miƙewa kamar roba. Don haka in aka ninke ta bisa layi mai siffar baka, tilas ɓangarorin biyu su tanƙware, ɗaya ya yi doro, ɗaya ya lotsa, kuma takardar ta ƙara ƙarfi. Josef Albers ya koyar da wannan a makarantar Bauhaus ta Jamus a ƙarshen shekarun 1920. David Huffman, Ba'amerike, ya bayyana lissafinsa a 1976.

Bisa wannan hikima injiniyoyin jami'ar Stuttgart suka ƙera Flectofold, makarin rana na taga: da an lanƙwasa tsakiyarsa kaɗan, sai fikafikansa biyu su ninku. Babu ƙarfen juyi da zai yi tsatsa ko ƙura ta cushe. Wahalar tana ga layin ninkin, domin shi yawan buɗewa da rufewa ke gajiyarwa.